Yawo da Kare a Ƙasar Tafkuna

Yara, in an ba ku hutu, me ku ke yi? Na san amsar yawancinku. Wani ya tafi ƙauye wurin kakanninsa, wani ya bi ubansa gona ko kasuwa, wata kuwa ta zauna gida tana taya uwarta aikace-aikace. To, yau zan ba ku labarin yadda waɗansu mutanen Ingila su ke cin hutunsu. Su dai ba abin da su ke so kamar su rataya 'yar jaka, su sa takalma masu ƙarfi, su kira karensu, su shiga karkara su yi ta tafiya a ƙasa tun da hantsi har la'asar. Ba fatauci ne ya ke kai su ba, ba kuwa farauta ba. Tafiyar ita ce bukatarsu.

Da na fara jin wannan labari, dariya na yi. Na ce mutum yana da kuɗin mota, me zai sa ya wahalad da ƙafarsa? Amma gani ya kori ji. A cikin shekarar 2018 aka aike ni Ingila wani ɗan gajeren kwas na aikin ilmi, na sauka a birnin Manchesta, a gidan wani malamin makaranta. Da hutun Ista ya zo, cikin watan Afrilu, sai mai masaukina ya ce mini, "Malam, za mu tafi Ƙasar Tafkuna kwana uku, ni da ɗana da karenmu. In kana so, zo mu tafi." Na ce ina so.

Kafin mu ci gaba, sai ku san matsayin kare a wurin mutanen nan. A ƙasarmu kare ma'aikaci ne: ya yi gadi, ya bi mafarauta, ya bi shanu, ya kwana a waje. A Ingila kuwa yawancin karnuka cikin gida su ke kwana, ana saya musu abinci a kanti, in sun yi ciwo a kai su wurin likitan dabbobi. Doka ta ce duk karen da zai fita waje sai an ɗaura masa wani abu a wuya mai ɗauke da sunan mai shi da inda ya ke zaune. Tun daga shekarar 2016 kuma aka tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura ƙarama, kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fatarsa, don in ya ɓace a gane mai shi. Karen mai masaukina baƙi ne mai farin ƙirji, ga shi da ladabi. In an ce zauna, ya zauna. In an ce kwanta, ya kwanta. Ku riƙe wannan magana ta ladabinsa, za mu komo kanta.

Muka shiga jirgin ƙasa, karen ma ya shiga, ba wanda ya ce kanzil. Ya kwanta a ƙarƙashin kujera, ni kuwa na tattare rigata na matsa gefe, don ban saba ba. Muka sauka a garin Fenrit, muka hau babbar mota zuwa wani ƙaramin gari wai shi Kezik, nan muka kama ɗaki.

Ƙasar Tafkuna tana arewa maso yammacin Ingila. Ƙasa ce ta tsaunuka da kwaruruka, kusan kowane kwari kuwa da tafkinsa. Tafkin da ya fi kowanne girma a Ingila, watau Windamiya, a nan ya ke, tsawonsa ya kusa mil 11. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Ingila ma, Skofel Paik, a nan ya ke, tsayinsa mita 978. Abin da ya cika tafkunan nan ruwan sama ne. Akwai wani ɗan ƙauye kudu da Kezik, Sitweit, inda ruwan da a ke yi a shekara ya wuce mita 3, watau ya ninka na Kano fiye da sau uku. Su ba su da damina da rani kamar mu. Kowane wata ana iya ruwa, saboda haka ciyawa ba ta bushewa, ƙoramu kuma ba su ƙafewa.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Wannan baƙin abu da ke cikin fensirinku, wanda ya ke yin rubutu, wani irin ma'adini ne. Kusan shekara 500 da suka wuce aka same shi a cikin duwatsun da ke kusa da Sitweit. An ce makiyaya ne suka fara amfani da shi, suna yi wa tumakinsu alama. Daga baya Kezik ta shahara da yin fensir, har akwai gidan da aka tara kayan tarihin fensir a garin.

Ran farko muka zagaya tafkin da ke bakin garin, sunansa Dawentwota. Hanyar da ta kewaye shi wajen mil 10 ce, ba hawa mai wuya, ta ratsa cikin kurmi, ta bi bakin ruwa, wani wuri kuma an shimfiɗa katako bisa fadama don kada ƙafa ta nutse. Akwai tsibirai a tsakiyar ruwan, cike da itatuwa. In iska ta kwanta, sai ka ga tsaunuka a cikin ruwa kai ƙasa, kamar a madubi. Yaron mai masaukina, ɗan shekara goma, ya yi ta jefa sanda cikin tafki, karen yana faɗawa yana ɗaukowa. Na sa hannu na taɓa ruwan, na janye da sauri, sai ka ce ƙanƙara. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya gaishe mu, alhali kuwa a Manchesta mutane wucewa su ke yi ba ko kallo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, hanyar nan takan shiga cikin gonar mutum sosai. Ka iske katanga ta duwatsu, waɗanda aka jera ba laka ba siminti, a jikinta an yi matakala ko an sa ƙyaure, ga kuma alamar kibiya rawaya tana nuna inda za ka bi. Na tambayi mai masaukina, na ce, "Mai gonar nan ba zai kore mu ba?" Ya ce, "Ba shi da iko. Gonarsa ce, amma hanyar ta kowa ce." Sai na tuna da burtali, wanda a ke bari tsakanin gonaki don dabbobi su wuce. Irin waɗannan hanyoyi na ƙafa a Ingila da Wels, in an haɗa tsawonsu, sun kai wajen mil 140,000.

Waɗansu hanyoyin tsofaffi ne ƙwarai, amma hawan tsaunuka yadda mutum ya ga dama bai samu da sauƙi ba. A da, manyan masu ƙasa sun killace tsaunuka da yawa don harbin tsuntsaye, sun sa masu gadi. Ma'aikatan masaƙu na birane irin su Manchesta, waɗanda su ke wuni cikin hayaƙi kwana shida, in ran Lahadi ta zo suna son shan iska, sai a kore su. Ran 24 ga watan Afrilu, 1932, mutane wajen 400 suka taru suka hau wani tsauni mai suna Kinda Skawut da gangan, ba da izini ba. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar a kurkuku. Ɗaurin nan ya sa jama'a da yawa suka goyi bayansu. A 1949 Majalisar Dokoki ta yi dokar keɓe manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa, a 1951 kuwa Ƙasar Tafkuna ta zama ɗaya daga cikinsu. A shekarar 2000 aka ƙara wata doka wadda ta buɗe wa masu tafiya a ƙasa tsaunuka da filayen da ba a nomawa.

Amma dokar nan ta zo da sharaɗi game da karnuka. A irin waɗannan filaye, daga ran 1 ga Maris zuwa ran 31 ga Yuli, dole kare ya kasance a ɗaure da igiya wadda ba ta wuce mita 2 ba. In kuwa akwai dabbobi kusa, to, ko wane wata ne sai a ɗaure shi. Dalili biyu ne. Na farko, akwai tsuntsayen da su ke yin ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, kamar yadda zabuwa da fakara su ke yi, in kare ya kore su daga kan ƙwai sai ƙwan ya yi sanyi ya lalace. Na biyu, lokacin ne tumaki su ke haihuwa. Mai masaukina ya gaya mini wannan duka tun a daren farko. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Kashegari muka shiga jirgin ruwa mai inji, ya ƙetare da mu tafkin, muka sauka a gindin wani tsauni da a ke kira Katbels. Tsayinsa mita 451 ne kawai, har yara da tsofaffi suna hawansa, amma kada ku raina shi. Kusa da ƙwanƙolinsa sai da na kama dutse da hannu biyu ina haki, karen kuwa tuni ya haye yana jiranmu, harshe waje. Da muka kai bisa, kai, yara! Ga tafki shimfiɗe a ƙarƙashinmu, jiragen ruwa kamar ɓawon gyaɗa. Ga Kezik can da fararen gidajenta, bayanta ga wani babban tsauni, Skido, kansa cikin gajimare. A yamma kuma ga wani kwari kore shar, an yanyanka shi da katangun duwatsu, fararen ɗigo-ɗigo ko'ina cikinsa. Ɗigon nan tumaki ne. Muka zauna muka ci burodi, muka sha shayi daga cikin gora, aka zuba wa karen ruwa a 'yar tasarsa. A nan na daina yi wa Turawa dariya.

Tumakin wurin nan wani iri ne dabam, ana ce musu Hadwik. Jikinsu toka-toka, fuskarsu fara, ƙafafunsu kakkaura, gashinsu kuwa mai kauri ne, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. 'Ya'yansu baƙaƙe a ke haifarsu, sai suna girma su ke yin haske. Abin mamaki game da su shi ne, a bisa tsauni ba shinge, ba kuma makiyayi mai binsu kullum, amma kowace tunkiya ta san yankin da garkensu ya ke kiwo, ba ta wuce shi. Uwa ce ta ke nuna wa ɗiyarta, ita kuma ta nuna wa tata. Saboda haka in garke ya hallaka, ba a iya zuwa kasuwa a sayo wani a zuba a wurin, don sababbin ba su san iyaka ba. Wata mace mai rubuta littattafan yara, Biyatiris Fota, ta ƙaunaci tumakin nan har ta zama mai kiwonsu. Da ta rasu a 1943, ta bar fili wajen eka 4,000 da gonaki ga wata ƙungiya mai kula da irin waɗannan wurare, National Trust, don a ci gaba da kiwo a cikinsu.

To, yanzu mun zo inda na ke jin kunyar faɗi, amma don shi na rubuto muku wannan labari.

Muka gangara ta yamma, muka nufi kwarin nan. Da muka iso gindin tsauni, igiyar takalmin yaron ta tsinke, ubansa ya tsaya gyara masa, ya miƙo mini igiyar karen, ya ce, "Malam, riƙe mini shi, ku yi gaba, ga mu nan." Ran nan ne na fara riƙe igiyar kare a rayuwata. Muka ƙetare wata matakala, muka shiga wani fili mai faɗi. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga tunkiya ko ɗaya ba. Karen yana ta jan igiya yana dubana, yana kaɗa wutsiya. Sai tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, dabba mai ladabi haka, wadda in an kira ta ta ke zuwa, me zai sa a wuni ana janta kamar akuyar da za a kai kasuwa? Na sunkuya na kwance shi.

Ashe filin yana da wani ɗan kwari a tsakiya wanda ba a hangensa daga inda na ke, tumaki kuwa suna kwance a ciki. Manomi ya sauko da su daga tsauni don su haihu kusa da gida. Ni ban gan su ba, amma hancin kare ya ji su. Kafin in miƙe tsaye, ya zabura kamar kibiya.

Tumaki suka watse, suna kuka, 'yan raguna baƙaƙe suna bin iyayensu suna faɗuwa. Na yi ta kira, na yi ta ihu, har da Hausa, karen ko waiwaye bai yi ba. Duk ladabin nan na cikin gida ya tafi. Ya ware wata tunkiya mai tsohon ciki, ya bi ta har jikin katanga. Ta yi ƙoƙarin tsallakewa, nauyi ya hana ta, ta faɗo bisa duwatsu. Mai masaukina ya iso da gudu, ya daka wa karen tsawa, ya cafke shi a wuya. Abin duka bai fi minti biyu ba. Karen bai ciji ko ɗaya ba, a ganinsa wasa ya ke yi.

Muna nan tsaye sai ga manomin ya taho a kan wani babur mai ƙafa huɗu, da nasa karen a bayansa. Dattijo ne, fuskarsa ta sha iska. Bai yi zagi ba. Ya wuce mu ya durƙusa wurin tunkiyar, ya shafa cikinta, ya tashe ta tsaye, tana ta haki. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Wa ya kwance shi?"

Mai masaukina ya buɗe baki zai ɗauki laifin, na riga shi. Na ce, "Ni ne, Baba. An gaya mini doka, na ƙi ji. Na ga bai ciji kowa ba, ina fata ba a yi ɓarna ba."

Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ba sai ya ciza ba. Tunkiya mai ciki in ta yi irin wannan gudu, tana iya ɓari. Ɗan rago kuma in ya rabu da uwarsa cikin sanyin nan, kafin safiya ya mutu. Shekara guda na ke jiran watan nan." Ya ƙara da cewa tun 1953 akwai dokar da ta sa laifi ne kare ya kori dabbobin kiwo, kuma in manomi ya iske kare cikin tumakinsa, ba wata hanyar tsai da shi, doka ta yarda ya harbe shi. Da yaron ya ji haka, sai ya rungume karensa ya fashe da kuka. Wannan kuka ya fi mini zagi ciwo.

Dattijon ya ce mu tsaya a bakin katanga kada mu motsa. Ya yi wa karensa fito sau ɗaya. Karen ya tafi a sunkuye, ya yi babban zagaye ta bayan tumakin, ba haushi ba gaggawa. In ya ji wani irin fito ya bi dama, in ya ji wani ya bi hagu, in ya ji wani kuma ya kwanta cik. Kaɗan kaɗan ya tattaro su wuri guda. Kowace uwa ta shiga shinshinar 'ya'ya tana neman nata, gama tunkiya da wari da kuka ta ke gane ɗanta. Dattijon ya ƙirga, ya ce saura ɗaya. Muka bazu nema. Yaron ne ya same shi, ya faɗa cikin wata 'yar ƙorama, ya jiƙe sharkaf yana rawar ɗari. Dattijon ya goge shi da tsumma, ya sa shi cikin rigarsa har ya ji ɗumi, kana ya ajiye shi kusa da uwarsa. Da muka ga ya kama nono yana kaɗa wutsiya, sai kowa ya yi ajiyar zuciya. Mai masaukina ya rubuta masa sunansa da lambar wayarsa, muka yi masa sallama.

A rana ta uku muka bi wata hanya ta gefen kogi, igiyar karen tana hannun mai shi. Ya koya mini sauran ka'idodin. In ka buɗe ƙyaure, ka mai da shi yadda ka same shi. In kare ya yi kashi, ka kwashe a leda ka tafi da shi, don akwai cutar da ta ke sa shanu ɓari wadda su ke ɗauka daga kashin kare. In an komo gida, a duba jikinsa ko kaska ta kama shi. Ya nuna mini kuma irin wuraren da wani maciji dangin kububuwa ya ke shan hantsi, shi kaɗai ne maciji mai dafi a ƙasar. Akwai wuri ɗaya tak da a ke so ka saki igiya, watau in shanu masu 'yan maruƙa suka taso muku. Nan sai ka sake shi, don shi ya fi su gudu, kai kuwa in ka riƙe shi za su tattake ku tare.

Muka koma Manchesta. Bayan kwana shida, muna cin abincin dare, wayar mai masaukina ta yi ƙara. Dattijon ne. Ya ce ɗan ragon da ya faɗa ruwa yana nan lafiya, har yana tsalle. Tunkiyar nan kuwa da ta faɗo daga katanga ta haihu, tagwaye, duka biyu matattu.

Mai masaukina ya ce shi zai biya, tun da karensa ne. Na ce ban yarda ba, hannuna ne ya kwance igiya. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ya bar ni na biya. Kuɗin da na tanada ke nan don tsarabar yarana. Da na komo gida suka taru suna jiran a buɗe akwati, abin da na fito musu da shi fensir ne guda uku da na saya a Kezik, kowa ɗaya.

Tambayoyi

1. A wane sashi na Ingila Ƙasar Tafkuna ta ke, me kuma ya sa tafkunanta ba su ƙafewa?
2. Me ya faru a Kinda Skawut a shekarar 1932?
3. Daga wane wata zuwa wane wata a ke ɗaure kare da gajeriyar igiya, don me kuma?
4. Karen bai ciji tunkiya ko ɗaya ba. To, ta yaya ya yi ɓarna?
5. Rubuta labarin wani yawo da ka taɓa yi a ƙasa lokacin hutu, ka faɗi itatuwa da dabbobin da ka gani a hanya.